Rasuwar Sha-Ƙura, Tasar Bisa Soron Indo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da maƙoshin da har yau ƙasa ba ta gama fita daga cikinsa ba, tsohuwa Indo ta unguwar Magina, a garin Gidan Ɗanasabe cikin ƙasar Karofane, tana sanar da dangi na kusa da na nesa, na Buza da na Madawa da na Keita, har da 'yan ci-rani da labari ke iske su ta waya, rasuwar tasarta wadda duk gari ya sani da suna Sha-Ƙura. Ta rasu ranar Talata bayan la'asar, tana da shekara biyu da wata huɗu a bakin aiki. Ba ta taɓa saukowa daga bisa soro ba sai ranar da ajali ya sauko da ita.

Wanda bai san marigayiya ba, ga kamanninta. Tasa ce ta farin ƙarfe, faɗinta kamar faifai, zurfinta bai kai taƙi ba. A cikinta akwai ƙwallayen kwalba ɗari cif, irin waɗanda ake ce wa bil, da shuɗi da kore da ruwan zuma. An ɗaure ta da waya bisa wani guntun ƙarfe a tsakiyar soro. Ba a taɓa cin tuwo cikinta ba, ba ta taɓa zuwa biki ba. Aikinta ɗaya ne: ta buɗe baki ta dubi sama, duk abin da iska ta ɗauko ya faɗa tsakanin ƙwallayen ya kwanta, iska ba ta iya sake kwashe shi. A garin da mata ke tashi da tsintsiya su wuni da tsintsiya, ita kaɗai aka ɗauka aiki don ta tara ƙura, kuma ta riƙe aikin da amana.

Malama Fiddausiya ce ta kawo ta daga Yamai, ma'aikaciyar wani furoje, wato shirin aiki, mai binciken hadari. Ta zagaya gari ta zaɓi soron Indo don ya fi kowane tsawo kuma babu icce kusa da shi. Duk wata huɗu takan zo ta wanke ƙwallayen da wani ruwa nata, ta juye laka cikin kwalba, ta rubuta rana, ta tafi da ita. Masu baƙin ciki sun ce tun da aka ɗora tasar ciwon gwiwar Indo ya warke, har tana hawa tsani sau biyu a rana. Gaskiya ne daga inda tasar take ana hangen tsakar gida bakwai. Amma wannan ba laifin marigayiya ba ne, kuma Indo dubiya kawai take hawa yi.

Marigayiya mai haƙuri ce. Rana ta gasa ta, tsuntsaye sun yi mata abin da suka yi, ba ta taɓa kai ƙara ba. Mai riƙon asiri ce, don ta ga abin da ta gani a gidajen nan bakwai da ido ɗari, ba a taɓa jin ko ɗaya daga bakinta ba. A nan ta fi mai ita. Maganarta ba ta da yawa. In iskar hantsi ta taso sai a ji ta can sama tana cewa cas, cas, kamar mace mai warwaro tana tankaɗe. In babbar iska ce sai ta koma ƙwaram, ƙwaram, mata su fito kwashe shanya tun kafin su ga komai. In kuwa Allah ya sa ruwa ya sauka, sai ta ce tal, tal, tal, sannan ta yi shiru don ta cika. Wannan muryar ta ƙarshe ita ce mafi daɗi, ita ce kuma aka fi daɗewa ba a ji ba.

Ranar da aka ɗora ta, Fiddausiya ta tara mutane gindin gawon ƙofar Maigari ta yi bayani. Indo na zaune gaba-gaba, don haka abin da za a faɗa nan ba ji-ta-ji-ta ba ne. Ta ce ɗigon ruwan sama ba ya haifar kansa. Kowane ɗigo sai ya sami 'yar ƙwayar wani abu a can sama, ƙura ko toka ko gishiri, ya taru a jikinta, ya yi nauyi, sannan ya faɗo. In babu ƙwaya ko ɗaya, babu ruwa. Amma in ƙwayoyin suka yi yawa fiye da kima, sai ruwan da ke cikin hadarin ya rarrabu a kansu, kowace ta sami ɗan danshi, babu wadda ta yi nauyin faɗowa. Indo ta gane wannan tun kafin maza su gane, don ta sha zuwa sunan da aka dama hura ƙwarya ɗaya baƙi suka zo ɗari: kowa ya lasa, kowa ya koma gida da yunwa. Fiddausiya ta ƙara da cewa wani lokaci hadarin da aka hana zuba sai ya yi ta hawa sama yana kumbura, ya je ya juye duka a kan wani gari, har da ƙanƙara. Yaushe yake yin wannan, yaushe yake yin wancan, ta ce manyanta ma gardama suke yi. Shi ya sa aka kawo tasa.

Maza suka gyaɗa kai suka ajiye maganar, ba su sake taɓa ta ba sai da daminar bara ta ba su kunya. Hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, a ɗaure awaki, a jera tukwane ƙarƙashin indararo, sai jar iska ta riga shi isowa ta cika wa mutane ido da baki, kafin a gama murza ido sama ta washe. Sau goma sha ɗaya Indo ta ƙirga. Hatsi ya tsaya iyakar gwiwa ya tsufa a nan. Bana da bazara ta kama, hadarin farko ya sake yin haka, sai dattawa suka zauna a fada suka tuno bayanin Fiddausiya. Rabinsa suka tuno.

Suka duba masu laifi. Ƙurar da ke tasowa daga arewa ba ta da gida a garin, ba a iya aika mata kira. Hayaƙin sassabe na maza ne, ba a ko ambace shi ba. Manyan motocin albasa masu bin hanyar Madawa ba su tsayawa a yi musu magana. Da aka duba aka sake dubawa, hayaƙin da ke da mai shi, kuma mai shi ba ta zama a fada, shi ne na gashin tukwane. Aka yi shela: babu macen da za ta kunna ramin gashi har sai shuka ta kai gwiwa. Umaru mai jaki shi kuwa ɗaya rabin bayanin ya riƙe. Da ya ga hadari sai ya hau fako da shebur yana watsa ƙasa sama, wai yana ba shi iri. Shi ba a hana shi ba.

Sauran magina ba su damu ba, don sun gama gashinsu tun cikin rani sun kai kasuwa. Mace ɗaya dokar ta faɗa wa, Adawiyya, ɗiyar ƙanen Indo. Mijinta ya kwanta tun kaka, ta yi jinya, ya rasu, ta shiga takaba, duk rani ba ta je ramin yumɓu ba. Da ta fita takaba ta zauna ba hutu ta gina tulu da randa da tukunya da kasko guda ɗari da ashirin da shida. A garin nan ba a ciniki da maginiya. A cika tukunya da hatsi, a juye mata, a ɗauki tukunya. Waɗannan ɗari da ashirin da shida su ne abincinta da na ɗiyanta uku har sabon hatsi. Ta tara kara da kashin shanu, ta sa ranar gashi, saura kwana biyu aka yi shela. Ga su nan jere ƙarƙashin rumfar kara, ɗanyu. Ɗanyar tukunya kuwa kowa ya sani, in ruwa ya taɓa ta laka take komawa.

Indo ta ɗauki sandarta ta tafi fada.

"Ranka shi daɗe," in ji ta, "ni na goye ka ranar da uwarka ta tahi biki Azarori. Ka jiƙa mini zane, ban kai ƙara ba. Yau na zo ƙara."

"Gwaggo, ba ni na hana ba," in ji Maigari. "Jama'a ta hana."

"To jama'a ta kawo shaida."

"Ke kina da taki?"

"Tana bisa sorona. Ido ɗari gare ta, ba ta barci, ba ta cin goron kowa."

Aka yi dariya, amma aka buga wa Fiddausiya waya a gaban kowa. Ta ce ƙurar da ke cikin tasar yanzu ta wata huɗu ce, watannin da duk magina ke gashi. Ta ce za ta zo nan da kwana goma da madubinta mai ƙara girman abu, a duba a gaban jama'a, don toka baƙa ce, ƙurar daji ja ce, ba su ɓoyuwa. Maigari ya yi alkawari gaban Liman Abdallah: in aka ga hayaƙin mata ba kome ba ne a ciki, Adawiyya ta kunna raminta ranar. Tun daga nan kullum da marece sai Adawiyya ta shigo gidan Indo, ta tsaya tsakar gida da hannu a ƙugu, ta ɗaga kai ta dubi tasar. Sai ta juya ta dubi gabas, sannan ta tafi.

Jinyar marigayiya ba ta yi tsawo ba, wuni ɗaya ce, kuma daga cikin gida ta fito. Indo na da amarya, Raihana, matar autanta Tasi'u, wadda aka kawo daga Garhanga sati uku da suka wuce. Yarinya ce mai ladabi da tsabta, irin wadda ke wanke turmi har ya yi fari. Indo ta ba ta labarin kowa a garin. Ta gaya mata wadda ba a ara wa ludayi, da wanda ke rina gemu, da gidan da ake gaisawa daga ƙofa kawai. Abu ɗaya ne ba ta gaya mata ba, don duk gari ya san shi, har bai zo mata a rai cewa akwai mai rai da bai sani ba.

Ranar Talata, saura kwana uku Fiddausiya ta zo, Indo ta tafi barka unguwar Gabas. Da ta yi barka ta dawo da ba a kai ga wannan sanarwa ba. Amma ta ɗan tsaya jin yadda auren gidan Sule ya mutu, wanda ba nan ne wurin faɗarsa ba, ko da yake laifin na mijin ne. Raihana ta hau soro shanya kuɓewa, ta ga tasa cike da datti, a fili, inda gida bakwai ke gani. Kunya ta kama ta. A ce akwai amarya a gida, tasar uwar miji na haka? Ta kwance wayar, ta sauka ta hawo da bokiti da soso da toka. Ta wanke ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya ta baza su bisa faifai. Ta goge tasar har tana ɗaukar ido, ta kife ta a bakin soro ta sha iska. Shaidar wata huɗu ta bi indararo ta sauka lungu, kaji suka bi ta kai.

Da Indo ta shigo, Raihana ta tarbe ta da ruwa ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, Iya. Na wanke miki tasar nan ta sama. Wallahi sai da na sake ruwa uku."

Indo ta nemi turmi ta zauna. Ta ɗaga kai ta dubi bisa soro. Yarinyar na durƙushe tana jiran a sa mata albarka. Indo ta ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata." Me za ta ce?

Ba ta ko kai ga taka tsani ba gabas ta yi baƙi. Hadari ne irin wanda tsofaffi ke tashi tsaye dominsa, kansa ya kai inda ido ke gajiya, cikinsa na ruri. Liman ya fito ƙofar masallaci. Umaru ya ruga fako da shebur. Adawiyya na can tana jan tabarmi da tsofaffin buhuna tana rufe tukwane, bakinta na addu'a, ita kanta ba ta san wadda take yi ba. Sai jar iska ta iso. Marigayiya, da babu waya babu nauyin ƙwallayenta, ta tashi sama karon farko a rayuwarta. Waɗanda suka gani sun ce ta wuce bisa gidan Maigari tana walƙiya. Maganarta ta ƙarshe daga cikin duwatsun korama aka ji ta: ƙwal, ƙwalalan, sannan shiru. Shanun gari na dawowa a guje a lokacin, suka bi ta kanta, kuma ba ɗaya ba.

Ruwan da aka samu ranar, Indo ta ƙirga shi a bayan hannunta, ɗigo bakwai. Kafin magariba aka bugo waya daga wajen Keita cewa can koramu sun cika sun tumbatsa.

Washegari Indo ta koma fada da gawar da aka tsinto a korama, cikin zane. Ta ce to ga shi, sati uku babu macen da ta kunna rami, hadari ya zo ya wuce kamar yadda ya saba, a sake wa yarinya hanya. Wani ya ce ai tsohon hayaƙin bai gama sauka ba. Wani ya ce wa ya sani ko ana gashi a ɓoye. Shi wannan na biyun Indo ta san abin da yake yi a ɓoye, amma ranar makoki ce, ta bar shi.

Fiddausiya ta zo ranar Juma'a kamar yadda ta ce, da madubinta cikin akwati. Ta karɓi tasar ta jujjuya ta. Sannan ta tsaya gaban dattawa ta ce a iya saninta hayaƙin ramin mace ɗaya ba ya ko kusa da ƙurar da ke tasowa daga hamada, kuma ko da tasar na raye ba za ta iya rantse musu abin da ke kore hadarinsu ba. Indo ta so a ce ta tsaya a rabin farko. Maigari ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama, mun yarda da ke. Amma da tasa muka yi alkawari." Aka tambayi kwalaben da ta kwasa a baya. Ta ce an aika su ƙasar waje, amsa sai baɗi in an yi sauri. Aka tambayi wata tasar. Ta ce furoje ƙarshen watan nan yake rufewa. Da za ta shiga mota ta riƙe hannun Indo ta ce, "Iya, ki yi haƙuri." Indo ta ce ita ba ita ke da tukwane ba.

Marigayiya ta bar guntun ƙarfe tsaye bisa soro da waya na lilo a wuyansa. Ta bar ƙwallaye casa'in da huɗu da aka tsinto cikin lungu, shida ba a san inda suke ba, ana zargin wata agwagwa. Ta bar Raihana, wadda tun da ta ji gaskiyar magana take cin abinci kamar magani, kuma ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada wanda ya dube ta sau biyu. Ta bar Tasi'u, da ya bugo daga Agadas ya ce wai tasa ce fa kawai, aka kashe masa waya. Ta bar Indo, da gwiwarta ta dawo da ciwo. Ta bar gari guda yana kallon gabas. Ta kuma bar Adawiyya da ɗiya uku da ɗanyun tukwane ɗari da ashirin da huɗu, don biyu sun fashe ranar iska.

Game da jana'iza, an je wurin Liman Abdallah. Ya ce ba a yi wa tasa salla, kuma Indo ta ji tsoron Allah. An karɓi wannan. Wanka kam an riga an yi mata, ba a bukatar ƙari. Za a naɗe ta cikin tsohon zane a rufe ta ranar Lahadi da hantsi a ramin gashi na unguwar Magina, tun da wurin a share yake kuma babu mai aiki da shi. Ba a so a yi kuka da ƙarfi, maƙoshin kowa ya ishe shi.

Zaman gaisuwa a gidan Adawiyya za a yi, kuma wuni ɗaya ne, ba uku ba, don ranar Litinin da safe za ta shiga motar Madawa da ɗiyanta, wurin wanta, inda aka ce ana ɗaukar mata tsintar albasa. Babu tuwon sadaka, babu hura, kowa ya san dalili. Sadakar marigayiya tukunya ce. Duk wanda ya zo zai koma da ɗanya guda, tun da rumfar ba ta tare ruwa kuma mota ba ta ɗaukar ɗanyen kaya. Ana gayyatar dattawan fada musamman. An ware wa Maigari babbar randa, ya turo mutum biyu masu hankali. A riƙe ta da hannu biyu daga gindi, ban da wuya. A aje ta cikin ɗaki nesa da ƙofa. Kada a zuba mata ruwa, ko na gwaji. Wanda hadari ya haɗo masa yana bisa hanya, ya rufe ta da rigarsa ya ɗaga ƙafa.

Za a tashi da roƙon ruwa, kamar yadda ake tashi daga kowane taro bana. An tambayi Adawiyya ko a dakata da addu'ar sai an gama kwashe tukwanen. Ta ce a'a, a roƙa tun da farko, ita ma za ta shafa.